Yadda Ake Kula da Ɓeran Masar Mai Yawan Yin Tsakuwar Mafitsara

Mai kiwon ɓeran Masar da ya taɓa kai dabbarsa asibiti aka tsaga mafitsara aka ciro tsakuwa, sannan bayan wata biyu ko uku ya sake ganin ɗigon jini a shimfiɗar keji, yakan ɗauka cewa ko dai likita bai yi aikin da kyau ba, ko kuma shi ne ya yi sakaci wajen ba da abinci. Sau da yawa kuwa babu ko ɗaya daga ciki. Wannan dabba, wadda asalinta tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka duk da sunan Masar da muka laƙaba mata, tana zubar da rarar sinadarin kalsiyam ta fitsari, kuma fitsarinta ba mai tsami ba ne, ɗabi'arsa ta fi kusa da ta ruwan kanwa, kamar na sauran dabbobi masu cin ciyawa. A cikin irin wannan fitsari kalsiyam yakan kwanta ya zama laka, lakar kuma ta ƙullu ta zama tsakuwa.

Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2009, inda aka duba tsakuwoyin ɓerayen Masar 127, ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 kalsiyam kabonet ne zalla, wato sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da dutsen farar ƙasa. Babu abinci ko magani da aka sani yana narkar da irin wannan tsakuwa idan ta riga ta ƙullu, saboda haka duk wanda ya ce yana da jiƙon da zai narkar da ita, a bar shi da jiƙonsa. Abin da ke hannun mai kiwo shi ne ya jinkirta ƙulluwar wata, ya kuma gano ta tun tana ƙarama idan ta dawo.

Mataki na farko: rarrabe abin da zai iya jira da wanda ba zai jira ba

Fitsarin lafiyayyen ɓeran Masar yakan zo da ɗan kauri da fari-fari, idan ya bushe kuma ya bar farin gari mai laushi kamar hoda, wannan ba cuta ba ce. Abin lura shi ne idan aka murza garin tsakanin yatsu aka ji tsiri-tsiri kamar yashi, domin alama ce ta cewa laka ta fara taruwa. Haka nan fitsari yakan juya ruwan ɗorawa ko ja-ja bayan ya sha iska, saboda launin wasu ganyaye da dabbar ta ci, har mutum ya zaci jini ne. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a shimfiɗa farin tawul ko farin ƙyalle a ajiye ɓeran a kai na awa ɗaya ko biyu, a duba fitsarin tun yana ɗanye. Jini yakan fito ja ko ruwan hoda nan take, ba sai ya bushe ba.

Sauran alamun su ne ƙara ko ɗan kuka lokacin fitsari ko kashi, da ƙudundune baya, da yin fitsari kaɗan-kaɗan a kai a kai, da jiƙewar gashin ƙasan ciki, da raguwar cin abinci. Waɗannan duka suna buƙatar likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai yanayi biyu da ba a kwana da su. Na farko shi ne dabbar ta riƙa yunƙuri amma fitsari bai fita ko kaɗan, wanda ke nufin tsakuwa ta toshe hanya, kuma ya fi faruwa ga namiji saboda bututun fitsarinsa ya fi na mace tsawo da ƙunci. Na biyu shi ne ta daina ci gaba ɗaya har kusan awa goma sha biyu, domin hanjin ɓeran Masar ba ya jure zama babu abinci, da zarar ya tsaya kuwa tayar da shi aiki ne babba.

Mataki na biyu: hoto kafin komai

Ba a gane tsakuwa da ido ko da taɓa ciki kawai, kuma ciwon mafitsara na ƙwayoyin cuta yana kawo alamu iri ɗaya da ita, ballantana ga mace, wadda jinin zai iya fitowa daga mahaifa. Abin sauƙi a nan shi ne tsakuwar kalsiyam tana bayyana fara fat a hoton eksire. A roƙi likita ya ɗauki hoton daga gefe da kuma daga ƙasa, ya haɗa da ƙodoji har zuwa ƙarshen bututun fitsari, saboda tsakuwa takan ɓuya bayan ƙashin ƙugu, takan kuma maƙale a siririn bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, inda aikin ciro ta ke da wuya ƙwarai. A haɗa da gwajin fitsari, in da hali a shuka shi a ɗakin gwaji don a san ƙwayar cutar da ke ciki da maganin da ke kashe ta, sannan a gwada jini a ga lafiyar ƙoda idan wannan ne karo na biyu ko na uku.

Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da ƙaramar dabba irin wannan ba, kuma babu rashin ladabi idan aka tambaye shi ko ya taɓa yi wa ɓeran Masar ko zomo aiki, da irin maganin barcin da yake amfani da shi. Wanda yake arewacin Nijeriya zai iya tuntuɓar asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, ya yi tambayarsa tun kafin ya kama hanya.

Mataki na uku: aiki da jinya

Ƙaramar tsakuwa, wadda ba ta wuce 'yan milimita ba, tana iya fita da kanta, musamman ga mace, idan aka ba da maganin ciwo da isasshen ruwa, wani lokaci ma likita yakan ciro wadda ta sauko bakin hanya ba tare da tsaga ciki ba. Babba kuwa sai aiki. Ba a hana ɓeran Masar abinci dare guda kafin aiki kamar yadda ake yi wa kare ko mage, domin ba ya amai, ɗan taƙaitaccen lokaci ya isa don a tabbatar babu abinci a bakinsa. Ya kamata a sake ɗaukar hoto dab da aiki, tunda tsakuwa tana canza wuri, a kuma sake wani bayan an gama, saboda ɗan ɓarɓashin da aka bari a ciki shi ne ƙwayar da sabuwa za ta ginu a kanta. Da yawa daga abin da ake kira dawowar tsakuwa cikin mako biyu ko uku, tsohuwa ce da ba a gani ba. A karɓi tsakuwar a nemi a gwada ta idan akwai inda ake yi.

Kwana ukun farko bayan aiki su ne masu hatsari, kuma yawanci ba ɗinkin ne ke kashe dabbar ba, ƙin cin abinci ne saboda ciwo. A ba da maganin ciwon da likita ya rubuta a kan lokacinsa, wanda galibi meloksikam ne, kada a rage shi don an ga dabbar ta yi shiru, shirun nan shi ne yadda take nuna ciwo. Idan ba ta ci da kanta, a jiƙa ƙwayoyin abincinta na kamfani a ruwan ɗumi har su zama kamar kunu, a yanke bakin ƙaramin sirinji mai mililita ɗaya, a riƙa zuba mata ta gefen baki a hankali tana tsaye a kan ƙafafunta, ba a kwance rigingine ba, duk bayan awa uku ko huɗu, har jimillar ta kai wajen mililita 50 zuwa 60 a yini ga dabba mai kilo ɗaya. A riƙa ƙirga kashinta, domin yawansa da girmansa su ne shaidar cewa hanji yana aiki.

A nan akwai gargaɗin da ya shafe mu kai tsaye, mu da muka saba shiga kemis mu sayi magani ba takarda. Dangin fenisilin, irin su Ampiclox da Amoxil, da kuma eritromaisin da linkomaisin da kilindamaisin, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjin ɓeran Masar, su bar masu dafi su yi yawa, dabbar ta kama zawo ta mutu cikin 'yan kwanaki. Waɗanda likitoci suka fi amfani da su ga ciwon mafitsararsa su ne haɗin da aka sani da Septrin da kuma enrofuloksasin, su ma da awon likita gwargwadon nauyi.

Mataki na huɗu: ruwa, wanda ya fi komai

A ganina duk wanda zai riƙe abu ɗaya kaɗai daga wannan jagora, to ya riƙe wannan. Fitsarin da ya tsinke, yake kuma fita a kai a kai, yana wanke laka kafin ta ƙullu, wanda ya yi kauri ya daɗe a mafitsara kuwa shi ne ke haifar da tsakuwa. Ɓeran Masar yana buƙatar kimanin mililita 100 na ruwa a yini ga kowane kilo na nauyinsa, mai tarihin tsakuwa kuma ana so ya wuce haka.

Tilas ba ta sa dabba shan ruwa, sai dabara. A sa kwalbar sha mai bututu da kuma kwano mai nauyi wanda ba zai kife ba, domin kowane ɓera da abin da ya fi so, a kuma ajiye su kusa da ciyawa da kusa da maɓoyarsa, tunda yakan haɗa ci da sha, ba kuma ya son fita fili don kurɓa ɗaya. A canza ruwan safe da yamma, a wanke kwalbar har cikin bututunta, a riƙa taɓa bakin da yatsa don tabbatar da bai toshe ba. Ganyen da za a ba shi a wanke shi a miƙa da lemarsa, kuma a raba shi kashi biyu ko uku a yini maimakon a zube shi gaba ɗaya da safe. Wasu ɓerayen, bayan sun saba da sirinji a lokacin jinya, sukan karɓi ruwa ta cikinsa da son ransu, wannan al'ada ce da ta dace a ci gaba da ita. Kada a zuba bitamin ko wani magani a ruwan sha, domin yana canza ɗanɗano dabbar ta rage sha, ga shi kuma bitamin C yana lalacewa da sauri a cikin ruwa da haske.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse a wuraren da ke da dutsen farar ƙasa yakan ɗauko kalsiyam mai yawa, kuma ana gane shi a gida: butar dafa ruwa takan yi farin ɓawo a ciki, sabulu kuma ba ya kumfa sosai. Tafasa irin wannan ruwa a bar shi ya huce ya kwanta, sannan a tsiyaye na sama, yana rage wani kaso na kalsiyam ɗin. Wanda ke sayen ruwan kwalba ya duba adadin kalsiyam da aka rubuta a jiki, kada ya ɗauka cewa duk ruwan da aka saya da kuɗi mai sauƙi ne.

Sai zafi, wanda ba a raba shi da maganar ruwa. Wannan dabbar tsauni ce, ta fi walwala tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma da zarar an haura 27 ko 28 ta fara wahala, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi bazara takan wuce digiri 40. A lokacin nan keji ya koma ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da rufin kwano da rana, a sa fale-falen tayil da zai kwanta a kai, a kuma naɗe kwalbar ruwa mai ƙanƙara a ƙyalle a ajiye a gefe.

Mataki na biyar: gyara abinci ba tare da wuce gona da iri ba

Kuskuren da aka fi yi bayan tsakuwa ta biyu shi ne mai kiwo ya firgita ya janye duk wani ganye, ya bar dabbar da busasshen abinci. Hakan ya rage mata ruwa da bitamin C, bai kuwa taɓa inda kalsiyam ya fi yawa ba, domin ɗanyen ganye kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, busasshen abinci shi ne ke ɗauke da kaya mai nauyi. Kalsiyam kuma ba abin da za a kawar ba ne gaba ɗaya, haƙoran ɓeran Masar suna tsiro har ƙarshen rayuwarsa, ƙasusuwansa ma suna buƙata.

A fara da ciyawa, wadda ita ce mafi yawan abin da ya kamata ya ci, kuma kada ta yanke a keji dare da rana. A Turai da Amurka ana ba da busasshiyar ciyawar timoti, ana guje wa alfalfa ga manyan ɓeraye, saboda alfalfa dangin wake ce kuma kalsiyam ɗinta ya ninka na timoti kusan sau uku. Wannan ƙa'ida ta hau kan harawar wake da harawar gyaɗa, waɗanda su ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa a wurinmu: dangin wake ne su ma, sun yi wa tumaki da awaki daidai, amma ba su dace da ɓeran da ke yin tsakuwa ba. A nemi ciyawa ta gaske mai laushi, irin su kyasuwa da harkiya da kiri-kiri, ɗanya ko ingirici, wadda aka yanko inda ba a yi feshin magani ba, ba ta kuma yi funfuna ba.

Na biyu shi ne abincin kamfani. A rage shi zuwa kamar cokali ɗaya na cin abinci a yini, a zaɓi wanda aka yi don ɓeran Masar daga ciyawa, ba daga alfalfa ba. Abincin zomo ba a sa masa bitamin C yadda wannan dabba ke buƙata, abincin kaji masu ƙwai kuwa an cika shi da kalsiyam da gangan don ɓawon ƙwai, saboda haka ko kusa kada ya shiga kejin. Dusa ma ba mafita ba ce, domin sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, tana ɓata daidaiton da ke tsakaninsa da kalsiyam. A cire duk wani dutsen lasa ko gishiri, kanwar da muka saba ba dabbobi kuma ba ta da gurbi a nan, tunda fitsarin da ma ya riga ya karkata ɓangarenta.

Ga ganye da kayan lambu, kamar kofi ɗaya a yini ya isa. A giram 100, tattasai marar yaji yana da kalsiyam wajen miligiram 10, kokwamba wajen 16, latas da karas wajen 30 zuwa 35, kabeji wajen 40, yayin da ganyen zogale ya kusa 185, alayyafo kuma ya haura 200. Alayyafo da yakuwa suna da wani sinadari mai suna okzalet wanda shi ma yana haɗuwa da kalsiyam, don haka su biyun gara a bar su, zogale kuma ya zama na ɗan taɓawa jefi-jefi, duk da darajar da yake da ita a tukunyarmu. Abincin yau da kullum ya tsaya a kan latas da kokwamba da tattasai marar yaji, karas ya zama kaɗan saboda zaƙinsa. Tattasan yana da wata fa'ida: ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya ƙera bitamin C, yana buƙatar wajen miligiram 10 zuwa 30 a yini ga kowane kilo, kuma yanka mai kyau na tattasai yana biyan mafi yawan wannan. Ba a ɗura masa manyan ƙwayoyin bitamin C na mutane, saboda jiki yana mayar da rarar zuwa okzalet. Duk canjin abinci a yi shi sannu a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, don kada ciki ya ɓaci.

Mataki na shida: motsi, tsabta da magungunan taimako

Ɓeran da ya yi ƙiba yake wuni kwance ba ya zubar da fitsarinsa duka, laka sai ta kwanta a ƙasan mafitsara. Keji na ɓeraye biyu ya kai kusan murabba'in mita ɗaya, a kuma sake su a tsakar ɗaki kullum su zagaya. A kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kowace rana, domin zama a kan fitsari yana kai ƙwayoyin cuta mafitsara, kumburin da suke jawowa kuma yana taimakon ƙulluwar tsakuwa.

Likita yana iya rubuta fotasiyam sitiret, wanda ke kama kalsiyam a cikin fitsari, ko haidurokulorotayazaid, wanda ke rage kalsiyam ɗin da ƙoda ke zubarwa amma yana iya busar da jiki idan ba a lura ba, ko gulukosamin don lallashin bangon mafitsara. Hujjar amfaninsu ga ɓeran Masar ba ta da ƙarfi, wasu dabbobin suna samun sauƙi wasu ba sa samu, saboda haka a ɗauke su a matsayin ƙari a kan ruwa da abinci. Ƙoƙarin tsamama fitsari da lemon tsami ko makamancinsa ba ya aiki ga mai cin ciyawa, sai dai ya ɓata masa ciki.

Mataki na bakwai: bibiya, da shawara idan ta sake dawowa

A sayi ƙaramin sikelin kicin a riƙa auna dabbar sau ɗaya a mako, rana ɗaya lokaci ɗaya, a rubuta a littafi tare da yawan ruwan da ta sha da duk wani canjin fitsari. Babban namiji yakan kai giram 900 zuwa 1,200, mace kuma 700 zuwa 900. Raguwar giram 50 ta isa a sa ido a koma aunawa kullum, ta giram 100 kuwa ta likita ce ko da babu wata alama. A koma a ɗauki hoto bayan mako huɗu zuwa shida da aiki, sannan duk bayan 'yan watanni yadda likita ya tsara, domin tsakuwar da aka gani tana ƙarama ana iya korar ta da ruwa da maganin ciwo, wadda aka bari ta girma kuwa sai wuƙa.

Duk da wannan ƙoƙari, akwai ɓerayen da za su sake yin tsakuwa, har a ga biyu a keji ɗaya suna cin abinci ɗaya, ɗaya yana yi ɗaya ba ya yi, abin da ya sa ake kyautata zaton akwai gado a ciki, kuma dalili ke nan da bai kamata a bar mai tsakuwa ya hayayyafa ba. Idan ta dawo karo na uku, abubuwan da za a auna tare da likita su ne tsawon lokacin da aka samu tsakanin aiki da aiki, da yadda dabbar ta farfaɗo daga na baya, da shekarunta idan aka tuna cewa yawancinsu shekara biyar zuwa bakwai suke yi, da lafiyar ƙodarta, da kuma wurin da tsakuwar take. Ɓera ɗan shekara biyu da ya samu shekara guda lafiya bayan aiki ya cancanci a sake yi masa. Wanda ya tsufa, tsakuwar kuma tana dawowa duk bayan mako shida, ko ta maƙale a bututun ƙoda inda aiki ke da wuya ƙwarai, ana iya riƙe shi da maganin ciwo da ruwa muddin yana ci, yana fitsari, nauyinsa kuma bai zube ba. Ranar da fitsari ya toshe, ko maganin ciwo ya daina riƙe shi ya bar abinci, kuma babu damar aiki, sai a nemi likita ya yi masa allurar da za ta sa ya cika cikin barci, a ranar, ba tare da an jira gobe ba.